Fitilar Inna da Watan Baba

Shekarun da na yi ina lise, wato babbar sakandare, a Tasawa, a gidan wani tsohon abokin mahaifina na zauna, can ƙarshen gari ta wajen hanyar Maijirgi, inda turakun lantarki suka gaji suka tsaya. Ƙauyenmu yana yankin Hawandawaki, ba mu da lise, ba mu da dangi a birni. Ɗan ƙauye irina sai an samo masa gidan da zai riƙe shi. A takardun lakwal, wato makaranta, a rubuta tuteur, mai riƙo ke nan, a gida kuma yaro ya ce Baba. Ba a faɗin sharuɗɗan, amma kowa ya san su: ka ɗebo ruwa, ka share ƙofar gida, ka ci abin da aka ba ka, kada ka yi musu da maigida. Na ƙarshen bai taɓa yi mini wuya ba, don ni ko gaisuwa sai na shirya ta a zuci kafin in buɗe baki.

Baba ya yi ƙuruciyarsa yana aikin rediyon kira a wani ofishin gona can arewa, tun kafin salula ta zo. Da ya bar aiki bai dawo da komai na kirki ba, in ji matarsa Inna, sai wani baƙin akwatin rediyo mai nauyin dutsen niƙa. Ya ɗaura doguwar waya daga gawon bayan gida, ta ratsa saman tsakar gida, ta sauko ƙofar zaure inda yake shimfiɗa tabarmarsa bayan magariba. Batirin rediyon daban yake, tsohon na mota, wanda taubashin Baba yake kai wa caji kasuwa a amalanken jakinsa. Ladan taubashin shi ne shayi da izinin tsokana.

Ba labaran duniya Baba yake nema ba, waɗannan kowa yana jin su a salularsa. Shi masu rediyon sha'awa yake farauta: tsofaffi a ƙasashen Turai, kowa da na'urarsa a ɗakinsa, suna kiran juna a can ƙasan ma'aunin rediyo, inda murya ba ta nisa sai rana ta faɗi. Baba ba shi da izinin magana da su, ba shi ma da abin yin ta. Saurare kawai yake yi, in ya kama masu faransanci ya fassara wa majalisa. Hirar tasu kusan kullum ɗaya ce. Kana ji na? Ina jin ka. Ni ma ina jin ka. Nan ana sanyi. Wayata doguwa ce.

"Waɗanga mutane ba su da gona ne?" in ji taubashin. "Tun bara suke tambayar juna ko ana ji, har yau ba wanda ya faɗi abin da za a ji."

"Kai da jakinka mi kuke faɗi tun safe?" Baba ya ce. "Sha shayinka."

Wani dare muryoyin su zo tas, kamar mutumin yana bayan zana. Wani daren kuma rediyon ya cika da ƙara, shuuu, Baba ya ce ana suyar fara. Kuma ya daɗe da gano dalili: wata ne. In akwai farin wata murya tana samun hanya, in duhun wata ne sai ta ɓata. A kan wannan ilimi girmansa a unguwa ya tsaya. An manta ofishin da ya yi wa aiki, amma kowa ya san tsohon da ya gano cewa rediyo yana bin wata. Har daga wasu unguwanni ake zuwa daren sha huɗu a ji.

A cikin gida mulkin na Inna ne. Ɗansu da ke aiki a Agadas ya aiko mata da pano na hasken rana da batir da ampul guda mai farin haske, irin na kasuwa. Ta rataye shi a rumfar tsakar gida. Tana tattalin batirin kamar ranta, tana cewa ba ya haihuwa, in ya mutu ya mutu. Dokarta ɗaya ce: muddin wata yana sama, ba a kunna fitila. "Allah ya kunna tasa," ta kan ce, "mu kuma mu kunna tamu, gasa muke da shi?" Tana ganin wata ya leƙo ta kan katanga za ta miƙa hannu ta kashe, ko da kana tsakiyar lissafi.

Ƙarƙashin wannan ampul na yi karatuna. Rabin wata ina da haske, rabin wata ba ni da shi. A dararen farin wata sauran ƴan lakwal sukan tafi gindin fitilun bakin gudro, wato titin kwalta, su yi karatu, amma can ana surutu, ana kokawa, ana tambayar mutum daga wane ƙauye yake. Sau ɗaya na je na dawo. Na gwammace in zauna a gefen majalisar Baba ina maimaita darasi a kai. Shekarar bak, wato jarabawar ƙarshe ta lise, dararen duhun wata su ne duk dukiyata. In na faɗi jarabawar, mahaifina ya riga ya nuna mini gonar da ke jirana.

Akwai dararen da Baba ya fi so, na bayan sha shida ga wata, lokacin da wata yake jinkirin fitowa sai bayan lisha. Majalisa tana zaune cikin duhu, rediyo yana suyar fara, Baba yana cewa a yi haƙuri. Ni ina ciki ina karatu. Sai gabas ta yi ja, wata ya leƙo, Inna ta kashe fitila, ni in rufe littafi in fito. Ina isowa zaure nakan tarar da Baba ya ɗaga yatsa sama, muryar wani Bature tana fita garau tana ba da labarin sanyin garinsu.

"Kun ji?" Baba ya kan ce. "Kun gani da idonku? Yana fitowa, hanya ta buɗe."

Ko taubashin yakan gyaɗa kai a irin wannan lokaci. Mazan ba sa ganin tsakar gida, katanga ta tsare. Inna ba ta zuwa zaure, ba ta kuma damu da abin da take kira hirar aljanu ba. Ni kaɗai nake ratsa wuraren biyu, ni da nake iya gano waƙafin da ya ɓace a shafi guda, kuma sama da shekara biyu ina ganin fitila ta mutu rediyo ya tashi, ban haɗa su ba. A ganina ƴaƴan uba ɗaya ne, wata ya fito, kowa ya yi abin da ya saba.

Maƙwabta ne suka ɓata lissafin. An yi haihuwa a gidan da ke bayanmu, suka zo aron batirin Inna don lasifikar suna. Ba a hana maƙwabci aron abin suna, Inna ta bayar tana yi wa batirin kallon bankwana. Ƙarshen wata ne, duhu ƙirin. Da ba ni da haske sai na fito zaure tun magariba. Baba ya kunna rediyo don al'ada kawai, ya riga ya gaya wa mutane kada su sa rai. Sai ga muryoyi sun zubo, har da wani mai tari da muka ji tarinsa kamar a tabarmarmu yake.

Taubashin ya ɗaga kai ya duba sama, ya duba ƙarƙashin tabarma. "Ina watan? Ko a aljihu ka sa shi?"

Baba bai ko girgiza ba. "Sabo shina tafe. Rediyo ya ji ƙamshinsa."

Aka yi dariya, aka wuce. Ni ban wuce ba. Amsar da ba ta daidaita ba takan tsaya mini kamar tsakuwa a takalmi. Washegari aka maido batir, fitila ta kama, fara ta koma kasko, duk da sabon watan ya ƙara matsowa da kwana guda.

A makon ne mushen fizik, wato malaminmu na kimiyya, ya fara darasin igiyoyin rediyo, ni kuma na yi abin da ban taɓa yi ba tun shigata lise: na ɗaga yatsa. Mushe ya duba bayana ya ga ko wani nake nunawa. Na miƙe na tambaya ko girman wata da ƙanƙancewarsa suna canza yadda rediyo ke kama murya daga nesa. Kilas ta fashe da dariya, wani daga baya ya ce a kai tambayar wurin liman.

"Silence," in ji Mushe. Ya zana duniya a allo, ya zana wani rufi can samanta. Ya ce rana ce ke yi wa rufin nan aiki. Da rana akwai wani shafi na ƙasa-ƙasa da ke haɗiye irin waɗannan muryoyi, in dare ya yi ya watse, murya ta bugi na sama ta dawo ƙasa mai nisa. Wata kuwa madubi ne kawai. Ana cewa yana ɗan jan rufin kamar yadda yake jan ruwan teku, amma kaɗan ƙwarai, ba abin da kunnen mutum zai kama a ƙofar gida ba ne. "Donc, a'a. Wa ya gaya maka haka?"

Na ce a unguwa na ji. Na zauna.

Ranar Juma'a da hantsi, da Baba ya fita, na ari ƙaramin rediyon Inna wanda take jin gaishe-gaishe da shi. Na Baba ba a taɓa shi. Na murɗa nata zuwa wancan layin da ba ta amfani da shi, inda ba kowa da rana, na tsaya ƙarƙashin rumfa, na kunna fitila. Shuuu. Na kashe, shiru. Na kunna, na matsa kusa, ƙarar ta ƙaru. Na ja baya har bakin rijiya, ta ragu. Na ɗaga kai na ga wayar Baba ta ratsa daidai saman rumfar, tsakaninta da ampul bai fi tsawon tabarya ba.

"Fitila da rana tsaka?" Inna ta ce daga madafa. "Ɗan nan, ko karatun ya fara taɓa ka?"

Na ce gwaji nake yi na lakwal. Ta ce in yi gwajin da batirin lakwal.

Daɗin da na ji bai kai azahar ba. Na tuna da wayar shanyar Inna. Kafin zuwana gidan tana da igiyar shanya ta ƙarfe, Baba ya yi zargin tana satar masa murya, ya kwance ta a rana ɗaya, tun daga lokacin a kan zana take shanya. Wannan kan zargi kawai. To ina ga ampul da aka kama da hujja? Saura ƴan watanni bak. Na yanke shawarar cewa ilimi ba ya lalacewa don an ajiye shi, na yi shiru, abin da dama na fi ƙwarewa a kai.

Sai dai ni da jikan taubashin kilas ɗaya muke. Bayan mako uku labari ya iso zaure, ya kuma ƙara kiɓa a hanya.

"An ce mushen lise ya zana ka a allo," taubashin ya ce yana hura shayi. "Ya ce watanka madubi ne, mata su zo su sa kwalli."

"Wane mushe? Wanga yaro mai babur?" Baba ya ce. "Ina kama murya daga bayan teku uwarsa ba ta yi wayo ba. Kai ɗan lakwal, kana nan kullum. Da kunnenka ka ji ko ba ka ji ba?"

Na ce na ji. Gaskiya ce, na ji.

"To Litinin za ka raka ni. In shiga kilas ɗin, ya maimaita a gabana. In ya so ya zo nan daren sha takwas na watan gobe ya ga fitowar wata da kansa."

Na kwana biyu ina auna abin. A zuci na ga Baba da babbar rigarsa a gaban allo, ƴan kilas suna danne dariya, ni a tsaye gefensa kamar ɗan jagora. Na ga Mushe ya amsa gayyata ya zo, kuma shi ba a hana shi leƙa tsakar gida da tambaya. Ko ta ina aka bi, wurin fitilar za a iso, sai dai a iso ta a gaban jama'a, tsohon da ya ciyar da ni shekara uku ya zama abin ba da labari a kasuwa. In na faɗa masa a ɓoye, fitila ce kawai za ta tafi. Na lissafa wannan sau da yawa ko zan sami wata amsa, ban samu ba.

Lahadi da safe yana shan kunu a zaure, na durƙusa na gaishe shi, na ƙara gaishe shi. Ya ce lafiya? Na ce akwai abin da nake so ya gani a cikin gida, da rediyonsa, ba da mutane ba. Jawabin da na shirya ya gudu, abin da ya fito kawai shi ne, "Baba, ampul ne."

Ya dube ni har kunun ya yi fata. Sannan ya kunna rediyon ya ƙure murya, ya aike ni in gaya wa Inna ta kunna fitila. Ta ce da safe? Ya ce daga zaure, da ƙarfi, ta kunna dai. Ta kunna. Fara ta shiga kasko.

"Kashe." Shiru.

"Kunna." Shuuu.

Haka suka yi ta yi, shi yana ba da umarni ta kan katanga, ita tana dannawa, ni ina tsaye a ƙofar da ke tsakani. A wajen na biyar Inna ta gane. Ta zauna a kan turmi tana dariya har da hawaye.

"Ashe ni ce watan!" ta ce. "Shekara da shekaru ana zuwa daga unguwanni kallon yatsana!"

"Rage murya," Baba ya ce. Ya kashe rediyon ya zauna yana shafa gemu. Can ya tambaye ni wa na gaya wa. Na ce ba kowa. Mushen fa? Na ce ko shi. Sai fuskarsa ta ɗan saki.

"To ai maganata ce," ya ce. "Mi ke sa ta kashe fitilar?"

Na ce fitowar wata.

"In wata bai fito ba, tana kashewa?"

Na ce a'a.

"To wa ke gyara rediyo?"

Ban taɓa cin karo da amsar da take daidai ta kowace gaɓa kuma ba daidai ba gaba ɗaya sai ranar. Ya ce zuwa lise ya fasa, ba ya jayayya da yara. Game da fitila bai ce komai ba, ya ɗauki sandarsa ya fita.

Yinin nan ban iya karatu ba. Na yi ta kallon ampul, na ma fara tunanin wace fitilar bakin gudro ce ta fi nesa da masu kokawa. Magariba ta yi, ashirin da wani abu ga wata, duhu ya sauko. Inna ta zauna kusa da makunnin ba ta taɓa ba, ita ma jira take. A waje na ji majalisa tana taruwa, na ji ƙarar kofunan shayi, na ji Baba ya kunna rediyo. Muryar wani Bature ta fito tas, yana tambayar ko ana jin sa. Ana jin sa har madafa.

"A'a," na ji taubashin ya ce. "Yau ma ƙamshin ne?"

Sai muryar Baba ta tsallako katanga, da faɗa.

"Wai ku mutanen cikin gida, yaro shina da jarabawa kun bar shi cikin duhu? Ku kunna mishi fitila mana!"

Inna ta dube ni, ta danna. Haske ya cika rumfa, Baturen ya nutse cikin mai.

"Ka ji ko?" Baba ya ce a waje, cikin natsuwa. "Ragowar jiya ce ta ƙare. Duhun wata ke nan, ba a yi mishi dabara. Ku dawo bakwai ga wata."

Daga ranar ban sake roƙon haske a duhun wata ba. Baba da kansa yake tunatarwa tun kafin a idar da sallah, wani lokaci ma kafin duhu ya gama sauka. Ko don ni yake yi, ko don kada rediyo ya ƙaryata shi a gaban taubashinsa, ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Inna ta karɓi nata kason: kafin mako ya zagayo wayar shanya ta koma wurinta, Baba yana wucewa ƙarƙashinta yana sunkuyar da kai kamar bai gan ta ba. Da na ga kasuwa ta buɗe, na gwada neman a bar mini fitilar a farin wata ma, tunda jarabawa ta matso. A nan ne na ga abin da ban taɓa gani ba a gidan, su biyun suka ce a'a a tare.

Na ci bak, ba da wani rinjaye ba. Rabin darussan da na fi iyawa na duhun wata ne, sauran na san su kamar yadda ake sanin mutumin wata unguwa.

Turakun lantarki sun isa unguwar yanzu. Kowane gida da ampul ɗinsa da abin cajin salula, ba mai kashewa don wata ya fito, har Inna ta sassauta. Da na je gaishe su bara, daren sha huɗu ne, wata ya cika tsakar gida, rediyon yana suya ba ƙaƙƙautawa. Majalisar ta ragu, amma taubashin yana nan. Baba ya murɗa, ya murɗa, ya kashe.

"Watan yanzu ba shi da ƙarfi," ya ce wa mutanen. Sannan ya juyo gare ni. "Ko ba haka ba, ɗan lakwal?"

Na ce lallai akwai fitilu da yawa da ke gasa da shi. Ya ce in zuba shayi.